Injin Kumfa a Tankin Murjani: Shin Tsabta Tana Yin Yawa?

A Turai da Amurka da gabashin Asiya akwai mutanen da abin sha'awarsu shi ne kiwon murjani a cikin gida. Ba murjanin wuyan amare ake nufi ba, wanda ƙashin wani jinsi ne na daban da aka goge aka huda. Ana nufin murjani mai rai, irin wanda ya gina duwatsun ƙarƙashin ruwa a Bahar Maliya, ta ɓangaren Jidda da ta ɓangaren Fot Sudan. Dabba ce 'yar ƙarama mai taushin jiki, dubbai suke zama wuri guda a manne da juna, yawancinsu kuma suna gina wa kansu ƙashi na alli. Mai kiwonta yakan tanadi tankin gilashi, ya haɗa ruwa mai gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, ya riƙe ɗuminsa a digiri 25 zuwa 26, ya rataya fitila mai ƙarfi a sama, ya saka 'yan kifaye. A cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin kuwa, kusan kullum za ka tarar da wata na'ura mai kama da doguwar kwalba tana ta tafasa da farar kumfa dare da rana. Ita ce injin kumfa, wanda masu abin ke kira sikima. An daɗe ana jayayya a kansa: shin zai iya wuce gona da iri, ya tsabtace ruwa har murjanin ya rasa abin ci?

Aikinsa ba shi da sarƙaƙiya. Famfo ne ke zuƙo iska ya daddatsa ta ta zama ƙananan ƙwayoyi bila adadin, ya cusa su cikin ruwan da ke ratsa kwalbar. A cikin ruwan akwai dattin da ya narke, daga kashin kifi da majinar murjani da ragowar abinci: furotin, maiƙo da makamantansu. Da yawa daga cikin waɗannan sinadarai fuska biyu gare su, irin ta sabulu, gefe ɗaya na son ruwa, ɗaya gefen na gudunsa. Da zarar sun haɗu da ƙwayar iska sai su liƙe mata, gefen da ke gudun ruwa ya shige wajen iskar. Ƙwayoyin su taso sama ɗauke da kayansu, kumfa ta yi kauri, ta hau wuyan kwalbar, ta zube a wani kofi da aka ɗora a kai. Abin da ke taruwa a kofin ruwa ne mai launin shayi ko na laka, mai wari ƙwarai, wanda ake zubarwa duk bayan 'yan kwanaki. Gishiri ne ke sa dabarar ta ci, domin yana hana ƙwayoyin iska haɗewa su zama manya, shi ya sa injin ba ya yin wani abin kirki a tafkin tarwaɗa. Fa'idarsa babba ita ce yana fitar da datti tun kafin bakteriya su ruɓar da shi ya zama amoniya, sannan nitiret, da kuma fosfet, waɗanda idan suka taru suke jawo gansakuka ta lulluɓe komai.

Masu kiwo a birnin Balin na Jamus ne suka ɗaukaka shi a shekarun 1970, suka haɗa shi da duwatsu masu rai daga teku da haske mai ƙarfi da ruwan farar ƙasa, tsarin da har yau ake kira da sunan birnin, wanda Peter Wilkens na cikin waɗanda suka yaɗa shi da rubuce-rubucensu. A lokacin matsalar kowa datti ce, don haka duk wanda ya sami injin da ya fi girma ya ci riba. Yanzu ƙorafin ya juya. Za ka ji mutum yana cewa murjaninsa ya koɗe, ya daina girma, gwajin nitiret da na fosfet duk sifiri suke nunawa, ga wani yauƙi mai ruwan ƙasa ya mamaye yashi. Da ya buɗe kabad ya ga kofi cike da baƙin ruwa, sai ya yanke hukunci cewa ga ɓarawon nan. Ni a ganina hukuncin ya yi gaggawa. Yunwar da murjanin ke ciki gaskiya ce, amma injin kumfa shi kaɗai da wuya ya iya haddasa ta, domin yana da iyakar da ba ya iya ƙetarewa.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga Ken Feldman, masanin kimiyyar sinadarai a Jami'ar Penn State ta Amurka, wanda shi ma mai kiwon murjani ne. Tsakanin 2008 da 2011 shi da abokan aikinsa sun wallafa jerin gwaje-gwaje a mujallar Advanced Aquarist. Maimakon su dubi launin abin da ke cikin kofi, kamar yadda kowa ke yi, sai suka riƙa auna jimillar kabon na halittu da ke cikin ruwan tanki kafin a kunna injin da kuma bayan an kunna shi. Sun gwada injina iri-iri, masu tsada da masu araha, sakamakon kuma ya zo kusan iri ɗaya: injin yakan kwashe kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari na wannan kabon, daga nan kumfar ta kwanta, aikin ya tsaya, ko da famfon na ci gaba da ruri. Babban inji yakan riga ƙarami isa wannan iyaka, amma ba ya wuce ta da wani abin a zo a gani. Dalilin a fili yake idan aka tuna yadda dabarar take. Kumfa ba ta tsayuwa sai da datti mai fuska biyu da zai riƙe ta. Idan irin wannan dattin ya ragu, kumfar ba ta iya hawa wuyan kwalba, saura kuma, wanda ba ya liƙe wa iska, sai ya shiga ya fita abinsa. Injin da kansa yake taka wa kansa birki. Nitiret da fosfet kuwa, da zarar sun zama gishirin da ya narke, ba su da abin da za su riƙe kumfa da shi, injin ba ya taɓa su kai tsaye. A gwaje-gwajen nan dai, gawayin tace ruwa, wanda ake cusawa a 'yar jaka a jefa a lungu, ya kwashe kashi 60 zuwa 85 na kabon ɗin, ya fi injin nesa ba kusa ba.

To me ke koɗar da murjanin? A cikin naman yawancin murjanin da ake kiwo akwai wasu ƙananan tsirrai masu ƙwayar halitta ɗaya, dangin gansakuka, da ke zaune a matsayin abokan cin moriya. Su ne ke amfani da haske su haɗa sukari su ba mai masaukinsu, su ne kuma ke ba shi yawancin launinsa na ƙasa-ƙasa. Kamar kowane tsiro, suna buƙatar taki, wato nitirojin da fosfaras. Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa a Jami'ar Southampton ta Ingila sun nuna, a wani bincike da ya fito a mujallar Nature Climate Change a 2013, cewa idan nitirojin ya yi yawa amma fosfet ya yi ƙaranci, waɗannan tsirrai kan yi ta hayayyafa har fosfet ɗin ya gaza musu. Daga nan maiƙon da ke cikin fatar sassan da suke sarrafa haske da su ya canja, su zama ba sa jure zafi da haske mai ƙarfi, murjanin ya yi fari fat a yanayin da a da yake jurewa. Saboda haka sifiri a gwajin fosfet ba abin murna ba ne. Tambayar ita ce wa ya kai shi sifirin. Tankin zamani ba inji ɗaya ke fitar da datti daga cikinsa ba. Akwai garin tsatsar ƙarfe da ake sakawa musamman don ya tsotse fosfet, yana kuwa tsotse shi har ƙarshe. Akwai ciyawar teku da ake nomawa a ƙaramin tanki na ƙasa ana yankewa ana zubarwa. Akwai audugar tacewa, akwai gawayi, akwai canjin ruwa. Sannan akwai dabarar ɗiga ruwan khal ko sukari ko barasa a tanki don bakteriya su yawaita su cinye nitiret da fosfet, injin kumfa kuma ya kwashe bakteriyar. A wannan dabara ta ƙarshe ce kawai injin ke zama babbar ƙofar fitar taki, ita ma da hannun mai tankin aka buɗe ta. Ga duk wannan, sai ka tarar kifayen ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, abincin kuma ana ba su ne da tsoro, don an gargaɗi mai su tun farko cewa yawan ciyarwa ke ɓata ruwa. Idan irin wannan tankin ya faɗa yunwa aka kama injin kumfa da laifi, an bar jaki ana dukan taiki.

Masu son tsabta tsantsa suna da tasu hujjar, ba kuma ta wasa ba ce. Suna cewa ai tekun da murjani ke rayuwa a ciki shi kansa kusan babu taki a ruwansa, shi ya sa yake garau har ana hango ƙasa. In haka ne, duk yadda aka tace ruwan tanki kusantar da shi aka yi ga asalinsa. Gaskiya ne ruwan ba shi da taki, kuma wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai, har ana danganta matsalar da Charles Darwin, wanda ya wallafa littafinsa kan duwatsun murjani a 1842: yaya wurin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba yake ɗauke da kusan rubu'in jinsunan halittun teku, a cikin ruwan da ba shi da abinci? Amsar ita ce abin da gwaji ke nunawa a ruwa abin da ya rage ne, ba abin da ya wuce ba. Igiya tana kawo sabon ruwa ba dare ba rana. Da duhu ya yi, ƙananan halittu masu yawo a ruwa su taso, murjani ya miƙa hannayensa ya kama. Garken kifaye suna kiwo a wani wuri su zo su yi kashi a kansa. Jasper de Goeij da abokan aikinsa sun nuna a mujallar Science a 2013 cewa soson teku na tsotse narkakken kabon daga ruwa ya mayar da shi ɓarɓashin da wasu halittu ke ci. Abinci yana shigowa da yawa, ana cinye shi nan take, shi ya sa ba a ganinsa a ma'auni. Tankin da ba a zuba masa komai ana kuma kwashe komai zai nuna lamba irin ta teku, amma ba teku ya kwaikwaya ba. Abin da ya fi kusa da teku shi ne a ciyar sosai a kuma kwashe sosai, a nan kuwa injin kumfa mai ƙarfi shi ne ke ba mutum damar sakin hannu da abinci.

Akwai suka ta biyu daga ɗaya ɓangaren, ita ce kuma ta fi nauyi. Kashi 30 cikin ɗari ba kaɗan ba ne idan ana ɗibarsa kullum, sannan injin ba ɗiban kan mai uwa da wabi yake yi ba, zaɓe yake yi, abin da yake zaɓa kuma na iya zama shi ne mai amfanin. Feldman ya busar da abin da ya taru a kofin wani inji ya bincika, ya tarar kimanin kashi 44 cikin ɗari alli ne, kashi 34 ne kawai kayan halittu, akwai kuma silika irin ta ɓawon ƙananan halittun ruwa. Wato injin ba narkakken datti kaɗai yake fitarwa ba, har da ƙananan halittu da ɓarɓashi, waɗanda abinci ne ga wani. A nan dole a sallama. Wanda ke kiwon halittun da ba sa cin moriyar haske, irin su murjanin Tubastraea da Dendronephthya da soson teku da tsutsotsi masu tace ruwa da gashinsu, gasa yake yi da injinsa a kan abinci, kuma ya dace ya riƙa kashe shi na ɗan lokaci idan ya zuba musu. Haka nan ƙarfe da tagulla da wasu sinadarai da ake buƙata kaɗan-kaɗan sukan ɗaure da kayan halittu su bi kumfa su fita. Sai dai wannan asara ce da canjin ruwa da abinci ke mayarwa, murjani da ciyawar teku kuma su ma suna shanye irin waɗannan sinadarai ko da inji ko babu.

Wasu za su ce su ganau ne: sun kashe injin, cikin 'yan makonni launi ya dawo. Ba a musa musu ba. Tankin da ke gab da yunwa, kowace ƙofa ka rufe zai farfaɗo, da sun cire garin tsatsar ƙarfe ko sun ƙara cokalin abinci da abin da za su gani ke nan. An ma daɗe da sanin cewa ana iya kiwo ba tare da injin ba. Lee Chin Eng ya yi haka a Indunusiya tun farkon shekarun 1960, da ruwan teku da duwatsu masu rai da 'yar iska. Jean Jaubert a Monako ya dogara da yashi mai kauri da aka bar fili a ƙarƙashinsa. Walter Adey na cibiyar Smithsonian a Washinton ya noma gansakuka a kan faranti tana tace ruwa, yana mai cewa injin kumfa na hallaka ƙananan halittun da tanki ke buƙata. Amma babban tankin Reef HQ na Townsville a Ostireliya, mai lita miliyan 2.5, wanda aka buɗe a 1987 bisa tsarin Adey, daga baya a farkon shekarun 2000 an cire farantan gansakukar an koma ga injinan kumfa tare da wasu gyare-gyare. Nasarar waɗanda ba su da inji ta nuna cewa ba dole ba ne, ba ta nuna cewa yana cutarwa ba. Wanda ya kashe shi kuma ya sani ba tacewa kaɗai ya rasa ba. Injin na cusa iskar oksijin a ruwa, abin da ke da muhimmanci da dare, lokacin da tsirrai suka daina samar da ita kowa kuma ke shaƙa. Yana rage dafin da murjani masu taushi irin su Sarcophyton ke saki don yaƙar maƙwabtansu. Ranar da kifi ya mutu a bayan dutse ba a gani ba, shi ne ke fara kwashe ruɓar kafin gari ya waye.

Inda abin ke wuce gona da iri da gaske wurare ne ƙanana, kuma duk na saiti ne. Injin da ya fi ƙarfin tankinsa ba ya ƙwace komai fiye da kima, hasali ma aikin ne ke gagararsa: wuyansa ya yi faɗi, dattin da ke ruwan bai isa ya tsayar da kumfa a ciki ba, sai ya yi kwanaki bai fitar da komai ba, rana ɗaya a taɓa ruwa ya yi ambaliya. Kuɗin da aka ƙara da wutar da yake sha sun tafi a banza. Haɗarin da ya fi wannan shi ne saita injin ya riƙa fitar da kumfa mai ruwa-ruwa. Abin da ke zuba a kofi ruwan gishiri ne, na'urar da ke cike gurbin ruwan da ya ƙafe kuwa ruwan daɗi take zubawa. A tanki mai lita 200, idan lita ɗaya na fita ta haka kowace rana, cikin wata guda gishiri zai sauka daga giram 35 zuwa kusan 30 a lita, murjani kuma zai nuna alamun da za a iya ɗauka na yunwa ne. Sai batun iskar da yake zuƙa. A ɗakin da aka rufe ruf da mutane a ciki, iskar kabon dayoksaid takan ninka ta waje, injin ya cusa ta a ruwa, ruwan ya ƙara tsami, gina ƙashi ya yi wa murjani wuya. Maganin wannan tiyo ne da za a zura ta taga, ba kashe inji ba.

Wanda ya ga murjaninsa na koɗewa ya fara da gwaji kafin ya taɓa soket. Yawancin masu kiwo a yau suna neman fosfet tsakanin miligiram 0.03 da 0.1 a lita, nitiret kuma daga 1 zuwa 10. Idan lambobin sun faɗi ƙasa da haka, ya auna gishiri, ya ƙara abinci, ya cire garin tsatsar ƙarfe, ya rage ruwan khal sannu a hankali, ya canja abu ɗaya a lokaci guda ya kuma ba shi makonni, domin murjani ba ya amsawa da wuri. Idan duk an yi wannan sifirin bai gusa ba, sai a rage wa injin sa'o'i, a kuma rage su da rana, a bar shi yana aiki da dare.